Sittin da Biyu

Ranar Laraba aka sauke shi daga aboboya
a ƙofar rumfata, nan Aboabo,
kwance ta gefe ɗaya kamar wanda zazzaɓi ya kayar.
Zuwera na biye da shi, 'yar marigayi Baba Gariba.
Ta ce, Fuseini, in ƙarfe ne a kai sikeli,
in keke ne ka gaya mini gaskiya.

Na ɗaga shi da yatsu biyu.
Sai na yi shiru.
Shekara talatin ina ɗaga kekunan dako,
masu ɗaukar doya da buhun gawayi,
ban taɓa ɗaga wanda ya raina hannuna haka ba.

Ƙahonsa a lanƙwashe irin na tsohon rago.
Tambarin goshi ya faɗi tuntuni,
ya bar huji biyu suna kallona.
Na kankare fenti da bakin reza:
baƙi a sama, aikin buroshin gida,
ja a ƙarƙashi,
can ciki kuma wani shuɗi mai kunya,
irin na sama bayan ruwan la'asar.

Na sa sifana a cibiyar feda,
na murɗa yadda na saba, ta ƙara ɗaurewa.
Na tuna maigidana, Allah ya jiƙansa:
yaro, in ka ga hagu da dama
na kwancewa ta hanya ɗaya,
cire hularka, Italiya ce.

Kowa a unguwa ya san labarin Baba Gariba.
Wai kuku ne shi a Akosombo
lokacin da ake datse kogin,
wai wani injiniya mai ƙaunar barkono
ya bar masa kekensa ranar tafiya.
A teburin mai koko dariya ake masa:
Baba, Bature zai ba ka jirgin ƙasa ma!
Ya kan busa kokonsa kawai.

Kwana uku notin gindin wili na kwance cikin kananzir
a gwangwanin madara.
Ran na huɗu na goge shi da gefen rigata,
na fita hasken rana, na aro tabarau na tela.
Lamba biyu, ƙanana kamar ƙwayar gero:
shida, da biyu.

Na aika yaro ya kira Zuwera.
Ta duba, ta sake dubawa,
ta zauna a kan tsohuwar taya.
Ashe ba ƙarya yake ba, ta ce.
Ba da ni take ba.

Sauran aiki ne, da haƙuri.
Suame na taka har takalmina ya buɗe baki
ina neman boris goma sha ɗaya masu girma ɗaya.
Sirdi ya sha man kaɗanya mako biyu kafin ya yafe.
Tayarsa ta manne ce, babu ita a Kejetia,
sai ɗan ƙanwata da ke walda a Brescia
ya naɗo biyu cikin zanin uwarsa.

Ban fesa sabon fenti ba.
Inda gwiwar Baba ta cinye launi har ƙarfe,
na shafa mai, na bar shi.
Hujin goshin nan ma na bar su.
Ban san sunan maƙerin ba, ba zan ƙaga masa ba.

Jikarsa Memuna ce ta hau,
ta gangara wajen masallaci, mayafi na binta.
Da ta saki feda, sai wilin baya ya fara ƙirga,
tik-tik-tik-tik, siririya, ba gaggawa.

Zuwera ta kama hannuna.
Wannan ƙarar, ta ce,
da ita muke sanin a ɗora ruwan wanka.
Ce mata ta sake zagayowa.