Gishiri da Geranci

Inna Tasalla ta taso a Tirwun
da harshe biyu a baki ɗaya:
Hausa ta ciniki da gaisuwar baƙi,
Geranci na yi wa awaki faɗa
da tsawatar yaro in ya doshi rijiya.

Ni kuwa birnin Bauchi ya raine ni.
Ina ji, ba na mayarwa.
Yaran layinmu suka ce yare kayan ƙauye ne,
sai na naɗe nawa kamar tsohuwar tabarma,
na jingine shi bayan ƙofa
shekara talatin da huɗu.

Ran da hawan jini ya kayar da ita,
Hausa ce ta fara tattara kayanta ta fice.
A gado na tara, ɗakin mata,
ta damƙe hannuna tana ta magana.
Nas ta ce, "Malam, me take so?"
Na tsinci ruwa. Na tsinci sunan babana.
Sauran ya tsiyaye
kamar gero daga buhun da ɓera ya huda.
Na ce, "Ruwa take so."
Ta kurɓa, ta dube ni,
ta juya fuskarta bango.

Allah ya tashi kafaɗarta,
muka dawo da ita gidanmu na Jahun.
Mardiyya, 'yata ta biyu,
ta sayo littafi mai shafi arba'in da kuɗin tararta,
ta zauna a bakin katifa:
"Inna, yaya ake cewa tukunya?
Wuta fa? Kunne fa?"
Haruffan boko suka ƙi ɗaukar wasu kalmomin,
ta sa musu ɗigo, ta ja musu wutsiya,
ta naɗi muryar tsohuwa a wayata
har waya ta ce ta cika.

Daga nan yarinya ta kafa doka:
bayan magariba, in an sauke tuwo,
mai son gishiri ya nema da Geranci,
ko ya ci lami.
Na ci lami kwana uku.
Matata, Bafillatar Darazo, ta riga ni iyawa.
Da dare ta ce mini a hankali,
ita ma akwai tabarmarta a bayan ƙofa.

Shekaranjiya na tattara ƙarfin hali
na gaishe da Inna da harshen uwarta.
Ta yi dariya har da tari,
har sai da aka shafa mata baya.
Wai na karya murya inda ba a karyawa,
na tambayi lafiyar akuya
alhali ita nake nufi.
Amma ta amsa.
Ta amsa da tsawo, kamar mai sauke tulu
bayan doguwar tafiya.

Sai na ce, "Inna, ranar nan a asibiti,
me kike faɗa mini?"
Ta maimaita, sannu a hankali.
Na kama kalma huɗu, Mardiyya ta kama shida.
Akwai ɗorawa a ciki, akwai iyakar gona,
akwai wata mata da ban taɓa jin sunanta ba.
Na roƙa ta fassara da Hausa, ta girgiza kai.
Ta ce in zo in ɗauka inda ta ajiye.

Littafin saura shafi tara.
Gobe in na taso daga shago
zan biya ta Wunti in sayo wani.