Zubi na Arba'in da Ɗaya

A Peelamedu, bayan layin dogo,
inda ake zubin gangar famfo tun kaka da kakanni,
Thenmozhi ta kafa injinta a lungun rumfa,
mazubin ƙarfe mai juyi kamar katantanwa.

Ni ne mai riƙe littafi.
Sau arba'in na rubuta abu kusan ɗaya:
ya tsage.
Ya yi ramuka a ciki kamar burodi.
Ya kame a mazubi, sai da guduma.

Tsoho Velusamy, shekara talatin yana danna yashi da tafin hannu,
yakan kurɓi shayinsa,
ya dubi injin irin duban da ake wa baƙon kare.
Sau ɗaya tak ya tanka:
"Kin kai ƙarfe mai zafi gidan ɗan'uwansa mai sanyi,
ina zai sake?
Yashi na numfashi. Wannan fa?"

Ba ta amsa ba.
Amma daren Laraba na ga ta gasa mazubin
har ya yi ja kamar gauta,
ta shafe cikinsa da kunkunniya da yumɓu,
ta ƙara silikon, ɗan abin da bai cika cokali ba,
ta rage gudun juyi da hannu mai rawa.

Ƙarfe uku saura, muna roƙon kada a ɗauke wuta.
Tukunya ta karkata.
Narkakken ƙarfe ya miƙo harshe, fari fat,
tartsatsi ya ci mini gefen takalmi ban motsa ba.
Injin ya haɗiye, ya yi gurnani,
ya watsa wutar jikin bango, ya riƙe ta.

Sai jira.
Sauro, zufa, kukan jirgin kaya can nesa.

Da asuba tsohon ya ajiye kofi,
ya ɗauki 'yar gudumarsa, ba wanda ya sa shi,
ya kara kunne, ya ƙwanƙwasa.

Amon ya fita ta tagar kwano,
ya daɗe bai sauko ba.

Da hantsi ta yanka bututun biyu.
Ga rami ɗaya, ƙanƙane, kamar hujin allura.
Ta zagaye shi da alli, ta yi tsaki, tana murmushi.
Velusamy ya ce a ƙara wa mazubin wuta gobe.

Na buɗe sabon shafi,
na rubuta arba'in da biyu.