Abin da Za Ki Karanta, Ladidi

Kin ce in rubuto miki sunayen littattafai
kan Ingila ta bayan babban yaƙi:
kujerunsu, gidajensu, irin harufan da suke bugawa a bango.
Shekara talatin da ɗaya na yi ina ɗinke bayan littafi
a ɗakin baya na laburare,
amma sunaye sun zube mini kamar haƙora.
Launi nake tunawa, da nauyi a hannu.

Nemi shuɗin nan mai warin kananzir,
kanta ta uku, kusa da tagar da ba ta rufuwa.
A ciki za ki ga lokacin da katako ya yi musu wuya
har hukuma ta sa baki a kaurin ƙafar kujera,
amarya sai da takardar rabo take samun gado.
Rashi ne ya fere musu ado, 'yata,
daga baya suka raɗa masa suna salo.

Akwai wani siriri, gara ta ɗanɗana gefensa,
kan taswirar jirgin da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa.
An miƙe hanyoyi kamar zare a masaƙa,
an yi wa nisa ƙarya
don baƙo ya gane hanyar gida.
Wannan ki maimaita shi.

Mai jan bangon, na matan da ke layin sukari da sabulu,
kar ki buɗe shi da yunwa.
Na duba shi shafi-shafi ina shafa gam,
ban ga inda ya ce
daga gonar wa gyaɗar ta fito ba.

To in kin rufe su, ki hau keke zuwa Kakuri.
Tsaya gaban masaƙar da ta yi shiru,
ki karanta tsatsar ƙofa.
Ki ratsa tashar jirgi, ki ɗaga kai:
dubi yadda aka tsara tazara tsakanin harafi da harafi,
kamar sahun sallah.
Ki leƙa tsofaffin gidajen Turawa,
ki tambayi murhun jin ɗumi da ke tsakiyar falo
abin da yake jira a watan Afrilu.

Ubana, Tanimu kuku, shekara tara ya yi
yana dafa wa wani injiniyan reluwe dankali.
Ranar tafiya aka sallame shi da kujera ɗaya.
A kanta nake miki wannan rubutu.
Ƙafa uku na can ne,
ta huɗun maɗaci ce, wani kafinta a Tudun Wada ya dasa,
ta fi sauran duhu, kuma ita kaɗai ba ta kuka.

Ki zo ran Asabar bayan la'asar.
Zan tashi, in jingina da bango,
ki kifa ta, ki karanta ƙarƙashinta.
Ki taho da tocila,
akwai rubutun fensir da idona ya daina kai wa.