Ƙiftawa a Gaɓar Kogin Fuji

Ƙarfe biyun dare.
Chizuru ta kafa kyamara kan ƙafafunta uku,
ta zuba shayi a murfin fulas, ta mance da shi.

Ga ido, garin kwance yake lami lafiya:
fitilun titi tsaye ƙyam,
hasken masana'antar takarda malale a kan ruwa,
ko gezau.
Ido maƙaryaci ne mai ladabi,
yana ɗinke ɓarakar duhu tun ba ka lura ba.

Kyamara ba ta san kara ba.
Takan yanka daƙiƙa guda gunduwa dubu
ta baje su a fuskar kwamfuta,
sai ga asiri a fili:
kowace fitila suma take tana farfaɗowa.
Gabas da kogin, sau ɗari a daƙiƙa.
Yamma da shi, ɗari da ashirin.
Ƙasa ɗaya, bugun zuciya biyu,
ruwa na ratsa tsakani bai ce uffan ba.

Ta san su ɗaya bayan ɗaya,
yadda ake gane maƙwabci da tarinsa ta bayan katanga.
Tsohuwar rawayar nan ta bakin gada
nutso take har ƙasa kafin ta taso.
Dogon ƙwan shagon taliyar Okabe yana ɗingishi,
ba zai kai bazara ba.
Sababbin fararen kuwa, makyarkyata kawai suke a ɓoye
kamar yaron da aka hana kuka.

Babanta, Heizo, shekara talatin da takwas
yana hawan turakun lantarki.
Ya taɓa cewa, bakinsa cike da shinkafa,
"Wuta ma numfashi take."
Ta ƙyalƙyale da dariya, tana 'yar sakandare.
Yau ga shaidar a layi-layi,
babu wanda za ta juya wa allon.

Wajen uku saura kwata
kwamfuta ta zagaye wani ɗigo da jan layi.
Can kan tudu. Ba ɗari ba,
ba ɗari da ashirin ba.
Ya rusuna, ya miƙe, ya yi jim,
ya karkata kamar mai sauraron wani.

Ta goge gilashi da hannun riga.
Ta sake lissafi. Ta jawo hoton kusa.

Taga ta biyu daga itacen lemo.
Ta san labulen, ita ta saya.
Uwarta, wadda ke rantsuwa tun goma take barci,
ta kunna kyandir gaban hotonsa.

Akwai gurbi a jadawalin
inda ake rubuta irin fitila da tushen wutarta.
Chizuru ta daɗe da biro a hannu.
Jirgin kaya ya tsallaka gada, tarago sha tara,
ta ƙirga su duka.

Ta bar gurbin fari.
Ta kurɓi shayin, ya yi sanyi ƙalau,
ta naɗe ƙafafun kyamara,
ta kama hanyar tudu.