Gansakuka a Cikin Ambulan

Whitby, hunturu na huɗu da makancewar Baba

Ni ce idonsa yanzu, ni ce hannunsa.
Da safe in hura kwal, in jawo tebur gindin taga,
in girgiza tawada, in goge bakin alƙalami.
Shi kuwa bargo a gwiwa, kunne a titi,
yana ƙirga takun mai raba wasiƙa.

Uku ne yau, Baba.
"Miƙo, Tabitha." Da hanci yake fara karatu.

Ta farko turare ce zalla.
Uwargida Ormerod na kiran shayi ran Laraba.
"Ce mata ƙafa ta hana."
Ƙafar da jiya ta kai shi gaɓar teku
yana laluben dutse kamar mai neman allura.

Ta biyu daga Landan, takarda mai kauri.
Manyan ƙungiya sun duba bayaninsa
kan dodon koɗin da ya zama dutse.
Sun gode, amma.
Amma ɗin ta fi godiyar tsawo.
Ya ja tsaki: "Su a ɗaki suka ji,
ni a ƙarƙashin tsauni na tono shi.
Gani ya kori ji."
Makaho ne ya faɗa, ban yi dariya ba.

Ta uku warin man inji da hayaƙi,
kan sarki a karkace,
ko da yake kan sarauniya ne in za a bi gaskiya.
Daga Halifax, gidan Lemuel Garside,
masaƙin da ke tsaye gaban inji daga duhu zuwa duhu,
ran Lahadi ya hau tudu da wuƙa da jaka
yana kankaro gansakuka a jikin duwatsu.

Shekara ashirin da bakwai suna rubuta wa juna,
ko musabaha ba su taɓa yi ba.
Baba ya aika masa gilashin ƙara girma,
shi ya aiko da safa ta ulu, saƙar matarsa.
Sun ɓata hunturu biyu cur
kan wani gashi a tsinin ganye
da bai kai gashin ido ba:
Baba ya ce babu, Lemuel ya ce akwai.

Da Inna ta rasu, wasiƙu masu baƙin gefe
suka cika faranti, duk bakinsu ɗaya.
Lemuel bai yi ta'aziyya ba.
Busasshiyar gansakuka ya naɗo, da layi guda:
"Ɗiga mata ruwa, ka jira."

Yau na fasa ambulan, na tsaya.
Rubutun ya miƙe da yawa, irin na ɗan makaranta.
Ɗansa ne. Ran Juma'a, da asuba, ciwon ƙirji.
Ya bar ƙunshi, ya ce a aiko Whitby.

Na buɗe baki zan ƙirƙiro gaisuwa.
Baba na shafa takardar da babban yatsa.
"Ba naɗinsa ba ne.
Shi sau uku yake ninkewa, ya lanƙwasa kunne."
Agogo ya yi ta magana shi kaɗai.

"Kawo ruwa a cokali."
Na kawo. Ya ɗiga a tafin hannunsa,
kan abin nan mai kamar tsohon zare.
Muka jira.
Ni na ga kore yana dawowa,
shi ya ji tana miƙa a fatarsa
kamar mage ta tashi daga barci.

"Ɗauki gilashi. Dubi tsinin ganyen."
Na duba. Siriri, fari, ga shi nan tsaye.
"Akwai, Baba."

Ya daɗe yana gyaɗa kai.
"Ɗauki alƙalami. Aminina Garside,
kai ne da gaskiya, na ja da kai a banza."

Baba, wane adireshi zan sa?

"Ke dai rubuta.
Tawada na bushewa."