Mita Goma a Shimkent

Ƙarfe bakwai, dusar ƙanƙara ta danne rufin filin harbi.
Raushan ta tsaga gashina da tsinke,
ta ɗiga wani mai mai sanyi a fatar kaina,
ta kafa mini hula mai wayoyi goma sha tara.
Ta ce, "Togjan, ajiye bindiga.
Yau kanki za mu saurara."

A allo ga kwalekwale a bakin tafki.
In ƙwaƙwalwa ta lafa, sai ya tafi.
In ta yi surutu, sai ya cije.

Ya cije.

Ashe kasuwa guda nake ɗauke da ita a ka:
kuɗin haya, tarin mahaifina da tsakar dare,
da takwas ɗin nan da na harba bara a Almati,
harbin ƙarshe, ana kallo,
wadda har yau take bina kamar mai bin bashi.
Layukan allo suka tona mini asiri,
suka yi caa kamar haƙoran zarto.

Na daka wa kaina tsawa: yi shiru!
Ashe tsawar ma hayaniya ce.

Mako uku ina kokawa da ruwan da ba ya jiƙa kowa.
Ran wata Alhamis na gaji, na saki,
na bar kunnena ya bi bututun ɗumama ɗaki,
ƙas, ƙas, ƙas,
sai ga kwalekwale ya sulale.
Na yi murna. Ya tsaya cak.
Raushan ta yi dariya har shayinta ya zube a takarda.

Yau gasa. Babu hula, babu allo,
sai ni da baƙin ɗigo, mita goma tsakaninmu.
Hannu ya tashi. Numfashi ya sauka rabi.
Takwas ɗin bara ta zo ta tsaya a kafaɗata;
ban kore ta ba, ban ba ta kujera ba.
Hankali ke gani, ido gululu ne.

Tsakanin bugun zuciya da mai bi masa
akwai wata 'yar ƙofa.
Nan yatsa ya taɓa kunama
ban san lokacin da ya taɓa ba.

Ban ɗaga kai na duba maki ba tukuna.
Ina jin ruwa yana wucewa a ƙarƙashin katako.