Talatin da Takwas

Akwatin ƙyanƙyasa a kusurwar ɗakina, Garin Malam,
ƙwan zabi sittin daga kasuwar Dole,
kuɗin adashen wata huɗu.
Allonsa ya ce talatin da takwas,
ja wur, ko ƙiftawa babu.

Na sa bayan hannu:
gabas kamar bakin murhu,
yamma kamar gindin randa.

Na kira Ma'azu mai gyaran rediyo.
Ya danna, ya kashe, ya kunna,
ya zargi kuran, ya zargi batir,
ya shanye mini shayi kofi biyu.

Can ya ɗago wata ƴar waya:
"Kunnensa ke nan. Kin manna shi jikin fitila.
Abin da ya ji yake faɗi,
bai taɓa leƙa yamma ba."
Fankar ciki kuwa, gizo-gizo ya ɗaura mata zane.

Dare ashirin da takwas ina juya tire.
Sha tara suka fasa.
Sauran na binne gindin bedi,
ina tuna Inna a ɗakin ƙurya,
da daminar da ta yi tana tari,
mu muna tambaya daga zaure,
ana ce mana lafiya lau.